Ɗana, Idan Ka Je Albaisin Ka Taka a Hankali

Ɗana, 'yata, zamaninku ya buɗe muku ƙofofin da mu sai da furfura ta fara fito mana muka leƙa su. Wani karatu ya kai shi Faransa, wata tana digiri na biyu a Jamus, wani taron mako guda ne ya kai shi Madrid. Da an sami hutun kwana biyu sai a ce a je a ga Andalus, a hau jirgin ƙasa ko bas a sauka Granada, garin da malamanmu na zaure suke kira Garnaɗa. Ina taya ku murna da zuciya ɗaya, domin tafiya mabuɗin ilimi ce. Abin da ke damuna shi ne abin da ake dawowa da shi. Na zauna da matasa da dama bayan irin wannan tafiya, waya cike da hotuna, amma in na nuna hasumiyar da ke bayansu a hoto na ce ta mece ce, sai a yi shiru. An je, an gaji, an kashe kuɗi, garin kuwa ba a gan shi ba.

Granada tana da tuddai biyu masu kallon juna, ƙaramin kogin Darro yana ratsawa a tsakaninsu. A kan ɗaya fadar Alhambra take, wadda kowa ya ji labarinta. A kan ɗayan kuma akwai Albaisin, tsohuwar unguwa mai fararen gidaje da lunguna masu hawa da gangara. Yawancin matasa fadar suke rugawa, unguwar kuma su ba ta ragowar awa ɗaya kafin motarsu ta tashi. Alhali unguwar ce babba a shekaru. Sarakunan Banu Ziri sun kafa mulkinsu a wannan tudu tun wajen shekarar 1013, fiye da shekara 200 kafin sarakunan Banu Nasr su fara ginin Alhambra a 1238. Hukumar UNESCO ta sa fadar cikin kayan tarihin duniya a 1984, sannan ta haɗa da Albaisin a 1994. A fada za ka ga yadda sarakuna suka zauna. A unguwa ne za ka ga inda masaƙa da maƙera da malamai da masu ɗiban ruwa suka yi rayuwa, kuma ba a shiga ta sai da ƙafa.

Shawarata ta farko, tafiyarka ta fara tun kana ɗakinka. Ka ba wa tarihin wurin ko da dare biyu ne na karatu. Ido ba ya ganin abin da zuciya ba ta san da shi ba, kuma kai kana da dalilin sanin Granada fiye da yawancin baƙin da za ka tarar a can. Littafin Tuhfatul Hukkam, wanda alƙalan ƙasarmu suka daɗe suna hukunci da shi, alƙalin alƙalan Granada ne ya rubuta shi, wato Ibn Asim, wanda ya rasu a 1426. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatanmu da azumi, ya taɓa riƙe alƙalancin garin na ɗan lokaci. Abu Ishaƙ as-Sahili ɗan Granada ne; ya haɗu da Mansa Musa a aikin hajji na 1324, ya biyo shi Mali, ya rasu a Tumbutu. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a Granada aka haife shi, kuma littafinsa da aka buga a Venice a 1550 ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Wanda ya shiga lungunan nan da waɗannan sunaye a ransa tafiyarsa daban take da ta wanda ya zo neman inda hoto zai yi kyau.

Sai maganar ƙafa, wadda matasa ke rainawa har sai ta kunyata su. Titunan Albaisin da ƙananan duwatsun kogi aka daɓe su, farare da baƙaƙe, wasu wuraren an yi musu zane. Suna da kyau a ido, suna da wuya a tafin ƙafa, kuma in ruwa ya taɓa su santsi gare su. Na ga samari da sabon takalmin fata mai sulɓi, na ga 'yan mata da takalmi mai tsini, tun kafin a kai rabin tudu fuska ta canza, hira ta mutu, kowa sai neman wurin zama. Ka sa tsohon takalminka wanda ƙafarka ta saba da shi. Kada kuma ka ce kai ɗan ƙasar rana ne, zafin Turai ba zai yi maka komai ba. A watannin Yuli da Agusta zafin Granada yakan kai digiri 40, ga hawan tudu. Mutanen garin da kansu daga ƙarfe biyu zuwa biyar na yamma sukan rufe kantuna da yawa su shige gida. In ka ga 'yan gari sun gudu wa rana, kai ma ka bi sahunsu. Ka fito da sassafe, ka huta da tsakar rana, ka sake fita bayan la'asar. Da rani rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara da rabi na dare, saboda haka lokaci yana nan. Da hunturu kuwa ka ɗauki rigar sanyi mai kauri, domin duwatsun Sierra Nevada masu ƙanƙara suna nan kusa, iskarsu tana sauka cikin gari.

Ka fara daga dandalin Plaza Nueva ka bi gefen kogi ta titin Carrera del Darro. Nan ne kuskuren gaggawa ke fara cin mutane, domin akwai wata ƙofa da ba ta da wani ado, wadda mai sauri zai wuce bai lura ba. Bayanta gidan wanka ne na zamanin Musulmi, ana ce masa El Bañuelo, kuma masana na kai shi ga ƙarni na 11. Ka shiga ka ɗaga kai: rufin an huda shi da ƙananan tagogi masu siffar taurari, don haske ya shigo, tururi ya fita. Akwai ɗakin sanyi, da na ɗumi, da na zafi. Ka duba kawunan ginshiƙan, wasu daga gine-ginen Rumawa aka ɗauko su aka sake amfani da su. Kaɗan gaba, cikin lungu, akwai ragowar asibitin da Sarki Muhammadu na Biyar ya gina tsakanin 1365 da 1367. Daga nan hanya za ta kai ka wani fili a ƙarƙashin katangar Alhambra, sannan hawa ya fara ta Cuesta del Chapiz. Sannu ba ta hana zuwa. In numfashi ya ɗauke ka tsaya, ka juya ka kalli inda ka baro, domin waiwaye adon tafiya ne, kuma a wannan unguwa kowane waiwaye da abin da zai nuna maka.

Za ka ɓata, kada hakan ya tayar maka da hankali. Lungunan ba a miƙe suke ba, wasu ba su ɓullewa, wasu in ka buɗe hannuwa za ka taɓa bango biyu. Taswirar waya takan rikice a cikinsu. Na ga matasa sun yi minti talatin kai a sunkuye suna bin ɗigon da ke kan allo, sun wuce ƙofofi da rijiyoyi masu shekara ɗari takwas ba su ɗaga ido ba. Ka sa wayar a aljihu. Dabarar mai sauƙi ce: gangara tana mai da kai cikin gari, hawa yana kai ka sama. In abin ya faskara, matambayi ba ya ɓata.

Abin da na fi so ka tsaya a kansa shi ne ruwa. Yayin da kake tafiya za ka riƙa ganin wasu ƙananan gine-gine na jan bulo a gefen hanya, da baki mai lanƙwasa da ƙaramar ƙofar ƙarfe. Yawancin baƙi ba su ko kallon su. Matattarar ruwa ce ta ƙarƙashin ƙasa, mutanen wurin suna ce mata alhibe, kuma fiye da ashirin suna nan har yau. Ka tambayi kanka yadda aka yi unguwar da ke kan tudu ta sami ruwa alhali kogi yana can ƙasa. Tun ƙarni na 11 aka haƙa magudanar Ainadamar, wadda ke ɗauko ruwa daga wani marmaro a Alfakar, fiye da kilomita goma daga gari, ta biyo gangaren ƙasa a hankali har ta shigo unguwar ta sama. Daga nan ruwan ya rarrabu zuwa waɗannan matattarai, da yawansu a jikin masallatai, don mai alwala da mai girki su ɗiba. Babbar cikinsu, wadda ake kira ta Sarki, tana ɗaukar lita kusan dubu 300. Ba inji, ba lantarki, sai lissafin gangara da tsarin rabo da mutanen da suka riƙe amanar gyara. Mutanen unguwar sun ci gaba da sha daga cikinsu har cikin ƙarni na 20. Ɗana, in kana karatun injiniya ko tsara birane ko aikin gwamnati, a ganina wannan ya fi zanen bangon fada amfani a gare ka. Sarautar da ta haƙa magudanar ta shuɗe, wadda ta gaje ta ma ta shuɗe, addinin masu mulki ya canza, ruwan bai daina zuwa ba, saboda aikin an yi shi don jama'a kuma an yi shi da kyau.

Kusa da kasuwar Plaza Larga akwai tsohuwar ƙofar ganuwa wadda hanyarta ke karyewa a ciki, yadda mahari ba zai shigo a guje ba. A zamanin baya hukumar kasuwa takan ƙwace ma'aunin 'yan algus ta rataye a jikinta don kowa ya gani, har ƙofar ta ɗauki sunan ma'aunai. Ka ɗaga kai ka duba bangon.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi wajen tarbiyya. Albaisin unguwa ce mai rai. Akwai tsofaffi da aka haifa a cikinta, akwai yara masu zuwa makaranta, akwai marar lafiya kwance bayan tagar da kake tsaye a ƙarƙashinta kana ƙyaƙyata dariya. Shekarun nan mazauna wurin suna kuka da yawan baƙi: gidaje da yawa an mai da su masaukin kwana biyu, kuɗin haya ya tashi, maƙwabta na barin unguwa, ga ƙarar tayoyin akwati a kan duwatsu da tsakar dare. Kai baƙo ne, kuma baƙo raɓa ne. Za ka ga gidajen dogon bango gare su, sai rassan itatuwa da ke leƙowa ta sama, lambun yana ciki, ido ba ya kai wa gare shi. Wannan tsari bai kamata ya zama baƙo gare ka ba, kai da ka tashi a inda zaure ke tsare mutuncin tsakar gida. In ka tarar da ƙofa a buɗe, kada ka cusa kai ko waya. Kada ka zauna a dokin ƙofar mutane kana cin abinci. Kada ka ɗauki hoton tsohuwa da kwandon cefanenta ba da izininta ba. In kun haɗu da mutum a ƙuntataccen lungu, ka raɓe ka ba shi hanya, ka gaishe shi da harshensu ko da kalma biyu ce ka koya. Sau da yawa kai ne Bahaushe na farko da zai gani, wataƙila kuma na ƙarshe, kuma da halinka zai auna mutanen da bai taɓa gani ba.

Akwai wani nauyi kuma da zai sauko maka a zuciya, gara in faɗa maka tun yanzu. Za ka tsaya gaban cocin San José ka ga hasumiyarsa, ka gane cewa hasumiyar masallaci ce ta ƙarni na 11 da aka ɗora wa ƙararrawa. Za ka shiga cocin El Salvador ka tarar da farfajiyar babban masallacin unguwar tana nan da bakunanta. Granada ta miƙa wuya ga sarakunan Kirista, Fernando da Isabel, ranar 2 ga Janairu, 1492, bisa yarjejeniyar da ta yi alkawarin barin Musulmi da addininsu da masallatansu. Ba a cika shekara takwas ba aka karya ta. A 1499 babban limamin Kirista Cisneros ya fara tilasta wa mutane canza addini, a nan Albaisin bore ya tashi a watan Disamba, kuma aka tara littattafan Larabci aka ƙona a dandalin Bib-Rambla. A 1567 aka haramta wa jikokin Musulmin harshen Larabci da suturarsu da gidajen wankansu. Tawaye ya biyo baya daga 1568 zuwa 1571, aka kwashe mutane kusan dubu 80 daga ƙasar Granada aka watsa su cikin Sifaniya. Tsakanin 1609 da 1614 aka kori kusan dubu 300 daga Sifaniya baki ɗaya.

Wannan zalunci ne, kuma ba na so ka wuce shi kamar ba a yi ba. Idonka in ya kawo ruwa, ba laifi. Amma na ga matasa sun juya wannan baƙin ciki ya zama ɗaga murya, suna cewa ai duk kayanmu ne aka ƙwace, suna harare-harare, har da wanda ya shiga coci yana magana da ƙarfi don nuna bai ɗauki wurin da daraja ba. Matar da ke sayar maka da burodi ba ita ta kori kowa ba. Ma'aikatan da ke gyara waɗannan gine-gine da kuɗin harajinsu, da masanan da ke zaune a gidan Casa del Chapiz, inda makarantar nazarin Larabci take tun 1932, su ne suka sa ka sami abin gani. In ka shiga coci ka shiga da natsuwa, kamar yadda kake so baƙo ya shiga masallacinku.

Kuma ka karanta labarin har ƙarshensa, kada ka tsaya a rabin da ya fi sauƙin ɗauka. A saman unguwar akwai ƙaramar fada mai suna Darul Hurra, gidan A'isha, mahaifiyar sarki na ƙarshe, Abu Abdullahi, wanda Turawa ke kira Boabdil. Shekaru goma na ƙarshen daular, wannan sarki yana rigimar gadon sarauta da mahaifinsa, daga baya da baffansa, alhali rundunar Fernando da Isabel tana cin garuruwansu ɗaya bayan ɗaya. A 1486 da 1487 Musulmi sun yaƙi Musulmi a cikin waɗannan lunguna da kake takawa, mutanen Albaisin suna bayan Abu Abdullahi, na cikin gari suna bayan baffansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Matashin da ya dawo daga Andalus da fushi kawai ya bar rabin karatun a can.

Da yamma kowa yakan nufi dandalin San Nicolás, inda ake hango Alhambra gaba da gaba, duwatsu a bayanta. Wurin ya cancanci zuwa, sai dai cunkoso gare shi, ga makaɗa ga masu talla, kuma inda hankalin kowa ya tafi wuri ɗaya nan masu yankan aljihu ke kiwo. Jakarka ta dawo gaba, waya kada ta kwana a aljihun baya, kuɗi a raba su wuri biyu. Taku kaɗan daga nan akwai masallacin Granada da aka buɗe a 2003, bayan Musulmin garin, da yawansu 'yan ƙasar da suka musulunta, sun shafe fiye da shekara ashirin suna fafutukar samun izini da kuɗin gini. Lambunsa yana kallon fadar kamar yadda dandalin ke kallon ta, kuma ya fi natsuwa. Ka tsara tafiyarka yadda sallar la'asar ko magariba za ta same ka a can. Kada yawon buɗe ido ya sa ka haɗa salloli huɗu a ɗakin otal da tsakar dare, alhali ga masallaci a inda aka shafe shekara 500 babu.

'Yata, ke ma kada ki ji ɗar. Mai lulluɓi ba baƙuwar ido ba ce a Granada, akwai ɗalibai da iyalai 'yan Maroko da yawa. Abin da zan roƙe ki, kuma ɗan'uwanki ma ya ji, kada a bi lungunan sama masu duhu a kaɗaice bayan dare ya yi nisa. Akwai ƙananan jajayen bas-bas da ke hawa unguwar su sauko, kuɗinsu kaɗan ne. A kusa da babban cocin gari kuma wasu mata za su miƙo miki reshen ganye mai ƙamshi kamar kyauta. Da kin karɓa za a kama hannunki a ce za a duba miki, sannan a nemi kuɗi. Ki ce a'a da fara'a, ki ci gaba da tafiya, hannunki a jikinki.

Wajen abinci a yi tambaya kafin a kai baki. Al'adar garin ce in ka sayi abin sha a kawo maka ɗan abin taɓawa kyauta, kuma naman alade yana cikin abincinsu sosai, har a miya da wake da ba za ka yi zato ba. Kunya ba ta da wuri a nan. Ka koyi yadda ake tambaya da harshensu, ko ka nemi kifi. A titin Calderería Nueva, a gindin unguwar, akwai gidajen shayi da na abincin halal. Fitilu da jakunkuna da darduma da ke rataye a wannan titi suna ɗaukar ido, amma yawancinsu daga waje ake kawo su, ba tsofaffin kayan Andalus ba ne. In tsaraba kake so wadda ta fito daga garin, ka nemi tangaran ɗin Fajalauza mai zanen shuɗi da kore, wanda aka daɗe ana ƙerawa a saman wannan unguwa.

Alhambra kuwa ka ba ta ranarta daban, kada ka haɗa ta da Albaisin a wuni ɗaya, domin gwiwa ba za ta ɗauka ba, ƙwaƙwalwa ma haka. Tikitinta yakan ƙare makonni kafin ranar, musamman da bazara da lokacin hutu, saboda haka ka saya ta intanet a shafin hukumar fadar tun kafin ka sayi tikitin jirgi. Sunan da ke kan tikitin ya dace da na fasfo ɗinka, kuma ka riƙe fasfon a jikinka ranar, don za a nema a ƙofa. An rubuta lokacin shiga fadojin Banu Nasr a jikin tikitin, kuma daga babbar ƙofa zuwa can akwai 'yar tafiya. Ka isa da wuri, domin wanda ya makara ba a buɗe masa, ko daga wace ƙasa ya taso.